Sunan da Ke Jikin Buhu, da Wanda Babu a Jikin Kwando

 Gaisuwa ta musamman ga mutanen Kurmin Kogi da sauran garuruwan ƙasar Ikara, da na Maƙarfi, da na Kudan da Hunƙuyi, domin yau da ku za mu yi magana. Batunmu shi ne dokar alamar kasuwanci, wato dokar da ta tsara wanda ke da ikon buga wani suna ko tambari a jikin kayan sayarwa, da hukuncin wanda ya ari sunan wani ba da izini ba. Da jin haka wani zai ce a bar wa lauyoyin Legas da manyan kamfanoni, ina ruwan mai noman rani da tambari. Ni kuwa ina ganin babu wanda wannan doka ta fi shafa kamar manomi, kuma ta fuska biyu take cin sa. In ya je saye, yana ba da kuɗinsa ne bisa amanar sunan da hukuma ba ta tsare shi yadda ya kamata ba. In ya zo sayarwa, kayansa ba su da suna ko kaɗan. Maganin duka biyun kuwa yana hannun mutanen da muke jefa wa ƙuri'a.

Mu fara da saye. Manomin da ya shiga shagon kayan gona ba shi da na'urar gwada abin da ke cikin kwalbar maganin feshi. Ba zai iya gane yawan sinadarin da ke cikin buhun kamfa ko yuriya da ido ba, haka kuma ƙwayar irin masara ba ta faɗa masa ko ingantacciya ce ko tsaba ce aka auna a kasuwa aka shafa mata launi. Abin da yake da shi kawai shi ne sunan da ke jikin buhu da kwalba, da launin da ya saba gani, da shaidar maƙwabcinsa cewa bara wannan ya yi aiki. Mai yin jabu ya san haka sarai, shi ya sa bai damu da inganta abin da ke ciki ba, takardar waje yake kashe wa kuɗi. Kuma cutar jabun kayan gona ta fi ta sauran kaya muni, saboda ba a gane ta a ranar. Wanda ya sayi jabun takalmi zai gane cikin mako ya sake wani. Wanda ya shuka jabun iri sai ya yi huɗa, ya yi noma, ya zuba taki, ya biya 'yan ƙwadago, sannan bayan wata biyu ko uku ya ga abin da ya faru, lokacin da damina ta riga ta yi nisa. Ku tuna 2016, shekarar da ƙwaron da manoma ke kira sharon ya cinye gonakin tumatir har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. A irin wannan hali mutum yana fesa duk abin da aka miƙo masa, kuma in bai yi aiki ba, ba ya iya sanin ko ƙwaron ne ya fi ƙarfin maganin ko kuwa ruwa ne mai launi a cikin kwalbar.

To me doka ta ce? Babbar dokar da ke aiki a Nijeriya kan wannan batu ita ce Dokar Alamun Kasuwanci ta 1965, wadda aka kwaikwayo daga ta Ingila ta 1938. Mai kaya zai kai sunansa ko tambarinsa ofishin rajista da ke Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari ta Tarayya. Za a bincika ko wani ya riga shi, a buga a mujallar ofishin, a ba da wata biyu ga duk mai ƙorafi. In babu, sai a ba shi takarda mai aiki na shekara 7, bayan nan ya riƙa sabuntawa duk shekara 14. A nan akwai kuskuren da 'yan kasuwarmu da yawa ke yi, suna ɗauka rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC ta wadatar. Wannan rajista ta kamfani ce, ba ta ba ka mallakar sunan da ke jikin kayanka ba. Wanda bai yi rajistar alama ba, doka ba ta ba shi damar ƙarar wani kan satar alama, abin da ya rage masa shi ne ya tabbatar wa kotu cewa jama'a sun san shi da wannan suna kuma an yi shigar burtu da shi don a ruɗe masu saye. Ana cin irin wannan shari'a, kamar yadda ta faru a 1961 tsakanin wasu shagunan magani biyu a Onica, ɗaya Niger Chemists ɗaya Nigeria Chemists, inda kotu ta hana na biyun amfani da sunan. Amma hanya ce mai tsawo da tsada. Ko mai rajistar ma bai tsira gaba ɗaya ba. A 2004 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci tsakanin kamfanin Ferodo da na Ibeto kan kwalin birkin mota, ta ce sunan Ferodo ne aka yi wa rajista, launin kwalin da zanensa ba su shiga ba. Wannan hukunci yana da muhimmanci a gare mu, domin mai saye da ba ya karanta boko launi da siffa yake ganewa, ba haruffa ba. Sai a 2023 aka yi wa dokar kwaskwarima, cikin wata dokar sauƙaƙa kasuwanci da shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, aka shigar da siffar kaya da mazubinsu da haɗin launuka cikin abin da ake iya karewa, aka kuma ambaci ayyukan hidima a fili.

A nan siyasa ta shigo. Tsarin mulkin 1999 ya sanya alamun kasuwanci cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da ikon yin doka a kansu, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron shari'ar alamar da aka yi wa rajista. Ma'ana majalisar dokokin jiha ba ta da ta cewa, balle kansila. Mutumin Kurmin Kogi da ke da ƙorafi, ofishin rajista yana Abuja, kotun kuma sai ya bi ta Zariya ya dangana da Kaduna. Ingila da muka kwaikwayo ta yi watsi da dokarta ta 1938 tun 1994 ta rubuta sabuwa, mu kuwa muna nan da tsohuwar muna yi mata faci. An sha gabatar da ƙudurin kafa hukuma mai zaman kanta da za ta riƙe wannan aiki, majalisa ta zo ta tafi ba a kammala ba. Kada wani ya ce majalisar ba ta iyawa. Dokar haƙƙin mallakar fasaha, wadda ta shafi mawaƙa da marubuta da 'yan fim, an sake ta gaba ɗaya an sa mata hannu a 2023, saboda masu wannan sana'a suna da ƙungiyoyi da murya, sun kuma matsa. A 2019 an yi dokar kula da ingancin takin zamani, an yi ta hukumar kula da irin shuka, har aka fito da tsarin kankare lamba a jikin ledar iri a tura ta waya don a tabbatar. Duk inda aka sami masu bibiya, doka tana motsi.

Kuma in akwai waɗanda suka san darajar alama a ƙasar nan, 'yan siyasa ne. Tun jamhuriya ta farko jam'iyyar NPC tana da fartanya, NEPU tana da tauraro. A 1979 da mabuɗin PRP Balarabe Musa ya ci gwamnan Kaduna, NPN kuma tana tafe da gida da masara. Yau ga jam'iyya mai lema ga mai tsintsiya. Kowace jam'iyya sai ta yi wa alamarta rajista a hukumar zaɓe, ba a yarda wata ta ɗauki mai kama da ita ba, kuma tsarin mulki ya hana alamar ta ɗauki ma'anar ƙabila ko addini. Dalilin wannan tsauri a fili yake: miliyoyin masu zaɓe da hoto suke gane wanda suke so, in aka ruɗa hoton an sace ƙuri'a. Tsohuwar da ake tsare wa hoton takardar ƙuri'a, ita ce ɗanta ke tsaye a shagon kayan gona yana dogara da hoton jikin kwalba. Ƙasar da ta iya tsare na farkon ba ta da hujjar kasa tsare na biyun.

Jihar Kaduna ta riga ta ɗanɗana abin da sakaci da wannan batu ke jawowa. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya, har Kakuri ta zama unguwar dubban ma'aikata, audugar ƙasar Zazzau da Katsina ta sami kasuwa. A 2007 babbar cikinsu, UNTL, ta rufe ƙofa. Dalilan suna da yawa, akwai rashin wuta da tsadar baƙin mai da tsufan injuna, ba zan ɗora komai a kan abu ɗaya ba. Amma masu masaƙun da ƙungiyar ma'aikatansu sun daɗe suna kuka da atamfar da ake bugawa a waje, a kwaikwayi zanensu da tambarinsu, a shigo da ita ta fasa-ƙwauri a sayar da rahusa. Da masaƙa ta mutu, manomin auduga ya rasa mai saye, ko da bai taɓa jin sunan dokar 1965 ba.

Yanzu mu juyo ga sayarwa, inda asarar ta fi girma kuma ba a cika ganinta ba. Ƙasar Maƙarfi ta yi suna da rake da mazarƙwaila. Ikara da kewayenta suna fitar da tumatir da barkono da masara. Kudan ta zama wurin noman inabi, abin da mutane da yawa a kudancin ƙasar nan ba su ma san ana yi a Nijeriya ba. Dillali ya san bambancin kayan wani gari da na wani, a kansa yake taya farashi. Amma da zarar an loda mota sunan ya tsaya a tasha. Wadda ta sayi tumatir a kasuwar Mile 12 ta Legas, ko wanda ya sayi inabi a Abuja, bai san daga ina ya fito ba, saboda haka ko ya ji daɗinsa ba shi da hanyar sake neman wannan ɗin. Sakamakon haka wanda ya kyautata aikinsa da wanda ya yi algus farashi ɗaya ake ba su, kuma in an daɗe a haka mai kyautatawar ma gajiya zai yi. Wannan ba sabon ciwo ba ne. Ɗaruruwan shekaru ana jeme fatar jar akuyar Sakkwato a Kano da sauran garuruwanmu, ayari ya ƙetara sahara da ita, Turawa su saye ta a tashoshin arewacin Afirka su kira ta fatar Maroko. Aikin namu ne, sunan ya tafi ga wasu, kuma har yau da wannan sunan ake kiranta a kasuwannin Turai.

Wani zai ce to manoman Maƙarfi su je Abuja su yi wa sunan rajista mana. Dokar ce ta tare hanya. Sashe na 9 bai yarda a yi wa sunan wuri rajista a matsayin alamar mutum ɗaya haka kawai ba, kuma akwai hikima a ciki, domin bai dace wani attajiri ya mallake sunan gari ya hana 'yan garin amfani da shi ba. Abin da ake buƙata wata doka ce daban, wadda ke ba dukkan masu sana'a na wani yanki mallakar sunan yankinsu tare, bisa sharaɗin bin ƙa'idar da suka amince da ita. Nijeriya ba ta da irin wannan doka har yanzu. 'Yan uwanmu na Nijar suna da ita, ta ƙungiyar OAPI mai ƙasashe 17 da hedikwatarta ke Yawunde. Albasar Galmi, garin da ke tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa a jihar Tawa, ta yi suna a duk Afirka ta Yamma, har wani kamfanin iri na Senegal ya taɓa neman a ba shi mallakar irin da wannan suna. Manoma da gwamnatin Nijar suka tashi tsaye, bai samu ba. Daga baya Nijar ta yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajista da sunan asalinsu, ta kuma tsare sunan cukwi da na fatar jar akuyar Maraɗi. Kilishin da ake yi a Kano da Zariya bai gaza na kowa ba, amma a takarda maƙwabta sun riga mu. Kamaru ta yi wa masoron Penja irin wannan rajista tun 2013. Habasha kuwa ta yi ja-in-ja da kamfanin Starbucks na Amurka kan sunayen gahawarta, Sidamo da Harar da Yirgacheffe, har a 2007 kamfanin ya amince da mallakarta. Babu ɗaya cikin waɗannan ƙasashe da ta fi Nijeriya arziki ko yawan lauyoyi.

Akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Na farko suna cewa dokar alama makamin manyan kamfanoni ce, in aka tsananta ta talaka ne zai sha tsada, domin kwaikwayon shi ne mai arha. A nan an haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Dokar alama ba ta hana kowa yin maganin ciyawa mai arha ko taki mai sauƙin kuɗi. Yi naka, samo lambar hukumar NAFDAC ko izinin hukumar da abin ya shafa, buga sunanka, ka sayar da rabin farashi, babu mai ƙararka. Abin da ta hana shi ne ka ɓuya a bayan sunan wani, kuma mai ɓuya yana yin haka ne don ya san in ya sa sunansa za a neme shi ranar da abin ya ƙi aiki. Jabu ma ba koyaushe yake da arha ba, sau da yawa da kuɗin na gaskiya ake sayar da shi. Aikin da Dora Akunyili ta yi a NAFDAC daga 2001 zuwa 2008 ya nuna wa kowa cewa wanda jabun magani ke kashewa talaka ne, mai kuɗi yana da inda yake saye. Abin da na yarda da shi a wannan ƙorafi shi ne yadda ake aiwatarwa: in aka zo kame, ƙaramin mai shago na ƙauye ake damƙewa, wanda shi ma sarowa ya yi, mai buga takardun da mai shigo da kwantena suna gida. Wannan laifin masu aiwatarwa ne, kuma dalili ne na a gyara, ba na a bari ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Ana cewa damuwar manomin arewacin Kaduna ita ce tsaro da hanya da tsadar taki da rashin wurin adanawa, suna ba zai hana tumatir ruɓewa a kwando ba. Gaskiya ne, kuma wanda ya yi alkawarin cewa rajista kaɗai za ta ɗaga farashi ya yaudari mutane. Ɗanyen tumatir da dole a sayar cikin kwana uku bai da ƙarfin taya kansa, ko wane suna aka ba shi. Amma ba duk kayanmu ne ɗanyu ba. Mazarƙwaila tana ajiyuwa, busasshen barkono da kauɗar tumatir suna ajiyuwa, inabi kuwa dama a ƙaramin mazubi ake sayar da shi ga masu duba takarda. Ga kuma masana'antar sarrafa tumatir ta Ikara da aka kafa tun 1981, wadda ta sha tsayawa ana tayar da ita. Ranar da ta tsaya da ƙafarta, tambayar farko ita ce sunan wa zai hau kan gwangwanin, kuma wane kaso na darajar sunan zai koma ga mai gona. Hanya da rumbun sanyi suna cin biliyoyi, doka kuwa zaman majalisa take ci, don haka neman ɗaya bai hana neman ɗayan ba.

Ta ukun ita ce wadda ni ma nake jin tsoronta. In aka ce sunan gari ya zama dukiya, wa zai riƙe ta? Mun san yadda ake kafa ƙungiyoyin manoma na dare ɗaya idan an ji za a raba taki ko bashi, shugabanninsu ba su da ko kadada. Irin waɗannan za su iya kame hatimin su mai da shi wurin karɓar kuɗi. Sannan ga batun iyaka. Ikara da Maƙarfi da Kudan a da ƙaramar hukuma ɗaya ce kafin a yanyanka ta, fadama kuwa ba ta san iyakar da aka ja a takarda ba. Raken da aka noma a gefen Kudan aka kai kasuwar Maƙarfi, na wa ne? In aka bar wa 'yan siyasa su ja layin bisa mazaɓa, an haifi sabuwar gaba tsakanin 'yan uwa. Amsar ita ce a sa sharuɗɗan cikin dokar tun farko: ƙasa da ruwa da salon aiki su ne za su fayyace yankin, ba taswirar zaɓe ba, duk mai noma a ciki da ya cika ƙa'ida yana da haƙƙin sunan ba tare da neman alfarmar kowa ba, kuma wanda ke duba inganci ba shi ne mai sayarwa ba. Muna da masu iya wannan aiki a kusa. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru tana nan tun 1922, ita ce ta fitar da ire-iren masara na SAMMAZ da manoman yankin nan ke shukawa, kuma auna ƙasa da tantance iri aikinta ne na yau da kullum.

Kafin Abuja ta motsa akwai abin da za a iya farawa a gida. Dokar 1965 ɗin, duk da tsufanta, tana da wata ƙofa a sashe na 43, inda ta yarda wata ƙungiya ko hukuma da ba ta sayar da kayan ta yi rajistar hatimin shaida, wanda ke tabbatar da asalin kaya ko ingancinsu ko yadda aka yi su. Ma'aikatar gona ta jiha za ta iya riƙe irin wannan hatimi don mazarƙwaila ko inabi, masu sana'ar su rubuta ƙa'idarsu da kansu: ba a haɗa da sukari, ba a rage nauyi, ba a fesa magani gab da tsinka. Ƙaramar hukuma, wadda kasuwanni ke hannunta, za ta iya wajabta wa kowane shagon kayan gona ya ba da rasit mai ɗauke da sunan kaya da lambar da ke jikinsu, domin ba tare da rasit ba babu ƙorafin da zai je ko'ina, ko a NAFDAC ko a hukumar kare masu saye ta FCCPC. Sarkin kasuwa da limamai suna da nasu rawar, tunda haramcin algus ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ikara da Kubau suna da ɗan majalisar wakilai ɗaya, Maƙarfi da Kudan suna da ɗaya, dukkanmu kuma muna ƙarƙashin sanatan Kaduna ta Arewa. Waɗannan ukun ne kaɗai cikin duk waɗanda muke zaɓa a yankin nan za su iya tsayawa a zauren majalisa su gabatar da ƙudurin kare sunan asalin kaya, ko su nemi a buɗe reshen ofishin rajista a Kaduna ko Zariya. Idan suka zo neman ƙuri'a a Kurmin Kogi, a tambaye su wannan a gaban jama'a, a kuma sa wanda ya iya rubutu ya rubuta amsar da ranar da aka ba da ita.